Daren Kwat

Shekara talatin da biyu ina Hukumar Ruwa,
ina buɗe wa Sakkwato famfo ina rufewa.
Ruwan da na sani na Rima ne,
sai kwalekwalen Kwalkwalawa in damina ta yi nisa.
Sai ga Lubabatu, ɗiyata mai aikin jinya a waje,
ta aiko tikiti: Baba, zo ka ga uwar ruwa.

Har da takarda. Na kai wa Modi tela
a rumfarsa ta bayan Tsohuwar Kasuwa.
Ya gyara tabarau, ya karanta, ya sake:
dare biyu cikin bakwai, ba mai zama teburi
sai da baƙar kwat da igiya a wuya.
"Igiya kuma?" in ji Modi. "Mi ad dalili?
Mutum za su ciyar ko akuya?"
Ya dai ɗinka. Kafaɗa ta yi ta wani ƙato,
hannu ya gaji a hanya, bai kai agogo ba.
Na biya, na danna ta ƙasan akwati,
na ɗora shaddata mai ruwan toka a sama.

To ga ni na dawo Runjin Sambo,
an yi lisha, an ɗauke wuta.
Ku matso kan tabarma ku sha labari.

Jirgin unguwa guda ne, bene bisa bene.
Daren doka na gwada kwat gaban madubi,
na ga wani baƙo ya ari fuskata.
Na tuɓe.
Na zuba babbar riga, na karya hula,
na sa takalmin fata na Madunka.
Mai tsaron ƙofa ya dube ni, ya dubi takarda,
takarda ba ta san da ni ba.
Ya yi jim, ya rusuna, na wuce.
Wani dattijo a bayana, gajeren wando da silifa,
aka yi masa murmushi, aka nuna masa sama.

Ciki kuwa: cokali uku, wuƙa biyu,
faranti kamar faifai,
nama a tsakiya bai fi ɓarin goro ba.
Hannun rigata ya riga ni ɗanɗana miya.
Mata biyu suka nemi hoto da ni,
na yi ta murmushi, cikina na kiran ciroma.

Da aka tashi na bi yatsan mai tsaron nan
har hawa na goma sha ɗaya.
Can ba doka. Ɗauki faranti, ɗebi da kanka,
iska na kaɗa tufa, kowa da irin tasa.
Ga dattijona shi kaɗai da tulin shinkafa.
Ba ya jin Hausa, Turancinsa bai fi nawa ba,
sai ya buɗe waya: gonar albasa!
Ni ma na buɗe: fadamar ƙanena a Wurno.
Muka yi ta gwada girman kai da tafin hannu,
kowa na ƙara wa tasa kaɗan.
Na zaro ƙullin yajin Hajiya daga aljihu.
Ya barbaɗa, ya yi tari, ya yi hawaye,
ya miƙo faranti a ƙara.

Dare na biyu ban sauka ba.
Luba ta yi fushi, ta ce kuɗinta.
Na ce ɗiyata, na ci kuɗinki, a sama dai na ci.

Kwat tana can rataye wurin Modi.
Masu kare jami'a na hayarta su ɗau hoto,
an ce sau biyar ke nan,
ko sisi bai nuna mini ba.

Sahabi, miƙo butar nan, tuwo na hucewa.
Kai mai singileti, zauna abinka.
Wanke hannu dai.